Sa'ad da Hadari Ya Tarar da Masu Hutu a Fili

A ƙasashen Turai da Amurka akwai watanni uku da mutane sukan yi ta ɗokin zuwansu dukan shekara, wato Yuni, Yuli da Agusta. Wannan shi ne lokacin zafinsu. Gidajen rediyo sukan kira shi bazara, ko da yake ya faɗo daidai da daminarmu. Bayan mutane sun sha sanyin hunturu da ƙanƙara, sai rana ta fito, ta daɗe ba ta faɗi ba. A rufe makarantu, ma'aikata su karɓi hutu. Iyali su ɗaura kaya a mota, su nufi bakin teku, ko gindin tsauni, ko bakin kogi, su kafa tanti su kwana a fili mako ɗaya ko biyu. Ikilisiyoyi da ƙungiyoyin matasa ma a lokacin nan ne sukan kai yara sansani.

Dukan wannan shiri yana dogara ne ga abu guda, wato sama ta yi kyau. Akan yi ruwa a can a watannin nan, amma abin da mutane suka saba da shi shi ne yayyafi, ko ruwan da zai zo ya wuce. Ba sa sa rai da hadari mai ƙarfi irin wanda yake tumɓuke itatuwa, ya cika kogi cikin awa guda. Duk da haka irin wannan hadari yana zuwa, ya tarar da dubban mutane a waje, ba bango ba rufi. A wannan fitowa za mu duba abin da ya faru a wurare huɗu, mu ga dalilin da ya sa wasu suka tsira, wasu kuwa suka hallaka.

Yadda hutun nasu yake

Kwana a otal yana da tsada, saboda haka iyalai da yawa sukan zaɓi filin kafa tanti. Fili ne da wani mutum ko hukumar gari ta keɓe, aka sa famfo da bayan gida da wutar lantarki, ana biyan kuɗi kowane dare. Wasu sukan zo da tanti na yadi, wasu kuma da ɗan ƙaramin ɗaki mai taya wanda ake ja a bayan mota. Babban fili yakan ɗauki mutum 500 ko fiye.

Masu irin wannan fili sun san abin da baƙi suke so: ƙasa shimfiɗaɗɗiya, inuwar itatuwa, da ruwa kusa domin wanka da kamun kifi. A ƙasa mai tsaunuka kuwa, wuri shimfiɗaɗɗe mai inuwa da ruwa yawanci a cikin kwari ake samunsa, a bakin kogi. Ku riƙe wannan a zuciya, gama za mu komo kansa.

Ga mutanen garuruwan da ake zuwa hutu, makonnin nan kamar kaka suke ga manomi. Mai filin tanti, mai sayar da abinci, mai ba da hayar kwalekwale, da matasan da ake ɗauka aikin wucin gadi, abin da suka samu cikin mako shida ko takwas shi ne zai kai su baɗi. In sama ta ɓaci a Yuli da Agusta, ba su da wata kakar da za su jira.

Ingila: ruwa ya tare hanyar masu tafiya hutu

Ranar Jumma'a, 20 ga Yuli 2007, makarantu da yawa a Ingila suka tashi dogon hutu. Iyalai sun riga sun ɗaure kaya. A ranar ce kuma sama ta ɓalle. A wasu wurare, ruwan da akan samu cikin wata biyu ya sauka cikin yini guda. Babbar hanyar mota da ake kira M5, wadda take kai mutane bakin teku a kudu maso yamma, ta cika da ruwa. Kimanin mutum 10,000 suka kwana a kan hanyoyin yankin, da yara da tsofaffi, ba gaba ba baya.

Garin Tewkesbury, inda kogin Severn da kogin Avon suka haɗu, ya zama kamar tsibiri. Ambaliya ta shiga ma'aikatar tace ruwan sha da ke kusa da garin, har mutum kimanin 350,000 suka rasa ruwan famfo, wasu fiye da mako biyu. Sai da aka riƙa kai musu ruwa a tankuna da robobi. Cikin Yuni da Yuli na shekarar, mutum 13 suka mutu, ruwa kuma ya shiga gidaje da wuraren sana'a kimanin 55,000. Tun daga 1766 da aka fara rubuta yawan ruwan sama a Ingila da Wales, ba a taɓa ganin Mayu zuwa Yuli mai ruwa kamar na 2007 ba.

Bayan shekara biyar, a 2012, ƙasar ta sāke samun bazarar da ta fi kowace ruwa cikin shekara 100. Filayen tanti suka zama taɓo. An soke bukukuwa da yawa. Babban nunin amfanin gona da dabbobi na yankin Yorkshire, wanda a lokacin akan yi kwana uku ana yinsa, an rufe shi bayan rana ta fari, domin motoci sun yi ta kafewa a laka. Manoman da suka yi watanni suna kiwon shanu da tumaki domin nunin, suka kwashe su suka koma gida.

Me ya kawo haka? Can sama, kimanin kilomita 10 daga ƙasa, akwai wata iska mai gudu ƙwarai da take busawa daga yamma zuwa gabas, kamar kogi a sararin sama. Ita ce take jan hadari daga Tekun Atlantika. A yawancin shekaru, in bazara ta yi, takan koma arewa da Ingila, ta tafi da hadarin can. A 2007 da 2012 ta sauko kudu ta daɗe a wurin. Saboda haka hadari ya yi ta bin hadari, makonni a jere.

A Ingila yawancin masu hutu sun yi hasarar kuɗi ne da jin daɗi. A wasu wuraren hasarar ta wuce haka nesa.

Sifaniya: filin tanti a bakin korama

A arewacin Sifaniya, a gindin tsaunukan Pyrenees, akwai wani ƙaramin gari mai suna Biescas. Kusa da shi akwai filin tanti da ake kira Las Nieves. Wuri ne mai kyan gani, shimfiɗaɗɗe, da itatuwa. Amma abin da ya shimfiɗa shi shi ne yashi da tsakuwa da duwatsun da wata korama mai suna Arás ta yi ta zubarwa a wurin shekaru aru-aru, daidai inda take fitowa daga cikin tsauni. Gwamnati ta gina ƙananan madatsu da yawa a kan koramar, ta kuma yi mata magudana ta gefe guda. Mutane suka ɗauka an gama da ita. Kafin a buɗe filin, wani ma'aikacin gwamnati ya rubuta gargaɗi cewa wurin yana da hatsari. Duk da haka aka ba da izini.

Da yammacin 7 ga Agusta 1996, akwai mutum kimanin 600 a filin. Hadari ya tsaya a kan tsaunin, ya zubar da ruwan da ya haura milimita 150 cikin ɗan lokaci. Domin mu gane yawansa: milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1. Wato kowane ɗan fili kamar girman ƙaramar tabarma ya sha jarka bakwai da rabi masu lita 20. Duk wannan ruwa ya gangaro ta hanya guda. Ya fasa yawancin madatsun, ya kwashi yashi da duwatsun da suka taru a bayansu, ya toshe magudanar, sa'an nan ya bi tsohuwar hanyarsa, ta tsakiyar filin tanti.

Abin bai wuce 'yan mintoci ba. Mutum 87 suka mutu, fiye da 180 suka ji rauni. An tsinci gawawwakin wasu a wata madatsa fiye da kilomita 10 daga wurin. A 2005 kotu ta yanke hukunci cewa gwamnatin ƙasar da ta yankin Aragon suna da alhaki, ta umurce su su biya diyyar da ta haura Yuro miliyan 11. Amma kuɗi ba ya komo da wanda ya tafi.

Kosika: iskar da ta zo da safe

Ba ruwa kaɗai ke kisa ba. Kosika tsibiri ne na Faransa a cikin Bahar Rum, inda dubban mutane sukan je hutu a watan Agusta, domin a lokacin ba a cika samun hadari ba. Da safiyar 18 ga Agusta 2022, wani dogon layin hadari ya taso daga teku da iskar da gudunta ya haura kilomita 220 a awa. Gargaɗi mai ƙarfi bai fito ba sai da hadarin ya riga ya iso bakin gaɓa. Mutane da yawa suna cikin tanti, wasu suna cikin kwalekwale.

Itatuwan da suka ba su inuwa jiya, su ne suka faɗo musu. Mutum 5 suka mutu a tsibirin, har da yarinya 'yar shekara 13 da itace ya faɗa wa a filin tanti. An kwashe dubban masu hutu zuwa makarantu da manyan ɗakunan taro. Hadarin ya wuce Italiya da Ostiriya, ya kashe wasu a can. A shekarar, ruwan Bahar Rum ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, har ya kusa digiri 30 a wasu wurare, masana kuma sun nuna cewa wannan ɗumi ya ƙara wa hadarin ƙarfi.

Texas: kogi ɗaya, sansani biyu

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na jihar Texas a Amurka, gama ya shafi sansanonin yara. Kogin Guadalupe yana bi ta cikin tuddai masu duwatsu, ƙasar da ke kansu kuma ba ta da zurfi, ba ta shan ruwa da yawa. A bakinsa akwai sansanoni masu yawa, waɗansu na ikilisiya. Ranar 4 ga Yuli ita ce ranar bikin 'yancin Amurka, saboda haka a 2025 bakin kogin ya cika da iyalai da yara.

Cikin daren, ragowar wata guguwar teku da ta afka wa Meziko kwanaki kaɗan kafin nan ta kawo danshi mai yawa, hadari ya tsaya a kan mafarin kogin yana ta zuba. Hukumar yanayi ta aika da gargaɗin ambaliya ta wayoyin hannu da ƙarfe 1:14 na dare. Amma mutane suna barci. Wasu wuraren babu sabis. Gundumar Kerr, inda abin ya fi muni, a lokacin ba ta da jiniyar gargaɗi a bakin kogi, ko da yake an yi shekaru ana maganar sa ta. Kafin asuba kogin ya tashi kimanin mita 8 cikin minti 45. Wannan ya fi tsayin gidan bene mai hawa ɗaya.

Mutum fiye da 130 suka mutu a yankin. A Camp Mystic, wani sansanin 'yan mata na Kirista da aka kafa tun 1926, ɗakunan ƙananan yara suna ƙasa, kusa da ruwa. Yara mata 25 suka rasu, yawancinsu 'yan shekara 8 da 9, tare da 'yan mata 2 masu lura da su, da shugaban sansanin wanda ya mutu yana ƙoƙarin fid da su.

A wani sansanin kuma, Mo-Ranch, na ikilisiyar Presbyterian, wani ma'aikaci bai yi barci ba. Yana duban kogi, shugabansa kuma yana bin labarin yanayi. Wajen ƙarfe 1 na dare ya gaya wa shugabanni cewa ruwa yana tashi. Ba su jira wata hukuma ta umurce su ba. Suka tashi yara da manya kimanin 70 da ke kwana kusa da kogi, suka kai su kan tudu. Ruwa ya yi ɓarna a sansanin, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Can gaba a kan kogin akwai garin Comfort. Mutanen garin ba su manta da 17 ga Yuli 1987 ba, ranar da matasa 10 na wata ikilisiya suka nutse. Suna barin sansani ne da sassafe domin guje wa ambaliya, sai motocinsu suka mace a cikin ruwan da ya riga ya hau hanya. Garin ya sa jiniya. A 2025 aka busa ta, mutane suka fita, ba wanda ya mutu a garin. Gaskiya ne ruwan ya iso su bayan gari ya waye, sun kuma sami labari daga sama. Amma labarin ya kai kunnen kowa ne domin akwai abin da zai kai shi.

A watan Satumba 2025 jihar Texas ta yi sababbin dokoki. Sun hana ba sansanin yara lasisi in ɗakunan kwanansa suna inda ambaliya take kaiwa, sun kuma tilasta wa kowane sansani ya rubuta shirin gaggawa, ya koya wa ma'aikata da yara.

Me ya sa hadarin yake ƙara ƙarfi?

Hadari mai ƙarfi ba sabon abu ba ne, kamar yadda labarin 1987 da na 1996 suka nuna. Amma akwai abin da yake ƙaruwa. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururin ruwa fiye da mai sanyi. Duk digiri 1 da zafi ya ƙaru, iska takan iya riƙe ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin 100. Ku tuna da tukunya a kan murhu: in an ƙara wuta, tururi ya ƙaru, ruwan da ke taruwa a murfi ma ya ƙaru. Teku ita ce tukunyar. Hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da gas da duniya take ƙonawa shi ne yake tare zafi a sararin sama. A 2024 zafin duniya ya kai kimanin digiri 1.5 sama da yadda yake a ƙarshen ƙarni na 19, Turai kuwa ta fi sauran nahiyoyi saurin ɗumama.

Saboda haka hadarin da a dā zai zubar da ruwa mai yawa, yanzu yakan zubar da fiye da haka cikin lokaci kaɗan. In kuma zafi ya riga ya busar da ƙasa ta yi tauri, ruwan ba ya nutsewa, sai ya gangara. Mutumin da ya ce, "Shekara 30 ina zuwa nan ban taɓa ganin ruwa ya kai wurin nan ba," gaskiya ya faɗa, amma shekara 30 ɗin da suka wuce ba su isa su ba shi tabbacin ta gobe ba.

Abin da ya sa mai hutu ya fi shiga hatsari

In muka haɗa labaran nan, za mu ga abubuwa biyar suna maimaituwa.

Na ɗaya, wurin. Abin da ya sa wuri ya yi daɗin zama ran da sama take da kyau, shi ne yake sa ya zama tarko ran hadari. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya a bakin kogi, kogin ne ya shimfiɗa ta, zai kuma komo wata rana.

Na biyu, baƙunci. Baƙo makahon gari ne. Bai san inda ruwa ya taɓa kaiwa ba, bai san hanyar tudu ba, balle cikin duhu.

Na uku, ruwan da ba a gani ba. Ambaliya takan taso daga ruwan da ya sauka can kan tsauni, nesa da inda mutane suke kwance. Mai duban saman kansa kaɗai zai ruɗu.

Na huɗu, dare. Gargaɗin da ya shiga waya ba ya amfani in ba wanda yake a farke da zai karanta shi, ya tashi sauran.

Na biyar, nauyin baki. An biya kuɗi, an yi doguwar tafiya, yara suna murna. Ba wanda yake so a ce shi ne ya ɓata hutu saboda tsoro. Sai a ce a ɗan jira a gani. A bakin kogin Guadalupe, wannan jira bai wuce minti 45 ba.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu zai ce mu ba ma zuwa hutu a tanti. Amma muna da namu tarurrukan fili. Ranar Litinin ta Ista jama'a sukan fita Galili, sau da yawa kan dutse ko bakin rafi, daidai lokacin da hadarin fari yake zuwa da iska da tsawa. Dogon hutun makaranta yana faɗowa tsakiyar damina, lokacin da ake kai matasa da 'yan Birged sansani. Taron zumuntar mata da na bishara sukan tara ɗaruruwan baƙi a ƙarƙashin rumfa, su kwana a makarantar da ba su sani ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abin da kwamitin shirya taro zai iya yi, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba:

1. Kafin a zaɓi wuri, a tambayi tsofaffin garin inda ruwa ya taɓa kaiwa. A duba alamu: yashi da tsakuwa a shimfiɗe, ko yayi da ya maƙale a rassan itace. Kada a kwana a busasshen rafi ko fadama, ko da sama tana da haske.

2. A san ginin da za a gudu zuwa cikinsa, mai bango da rufi mai ƙarfi, a kan tudu. Ranar isowa, tun da rana, a bi hanyar tare da kowa, har da yara.

3. A sa masu tsaron dare su biyu biyu, suna karɓar juna, da tocila da rediyo da waya mai caji. In akwai ƙauye a sama da rafin, a karɓi lambar wani a can wanda zai kira in ruwa ya sauka wajensu.

4. A yarda a kan alama guda da kowa ya sani, ko ƙararrawa, ko usur, ko ganga. In an ji ta, a tashi, a bar kaya.

5. A ba mutum ɗaya ikon cewa a tashi, a kuma yi alkawari tun da wuri cewa ba za a zarge shi ba in ruwan bai zo ba.

6. A rubuta sunan kowane yaro da na babban da ke lura da shi. A sa ƙananan yara da tsofaffi da naƙasassu a wurin da ya fi tudu, ya fi kusa da mafita.

7. Kada a ƙetare ruwa mai gudu. Wanda ya kai santimita 15, wato ya ɗan wuce idon sawu, yana iya kā da babban mutum. Santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, 60 kuwa da babba.

8. In an ga walƙiya, a ƙirga daƙiƙoƙi har a ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In ba a kai 30 ba, aradu tana iya faɗowa inda kuke. A sauko daga ƙwanƙolin dutse, a bar gindin itacen da yake shi kaɗai a fili, a shiga gini ko mota a rufe gilashi. Rumfa da tamfol ba sa kāre mutum daga aradu. A jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a fito.

9. In iska ta taso, a fid da mutane daga ƙarƙashin rumfar ƙarfe da manyan itatuwa, a kashe janareto, a nisanci wayoyin lantarki.

10. A saurari hasashen hukumar NiMet a rediyo kafin a sa rana, da kuma kowace safiya ta taron. In hasashen ba shi da kyau, a ɗaga. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tambayoyi domin tattaunawa

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taronsu na gaba, su kuma amsa tambayoyin nan tare:

A ina muka yi taron fili na ƙarshe? Da hadari ya zo da ƙarfe 2 na dare, ina za mu nufa?

Wane dattijo ne a garinmu ya tuna ambaliya mafi girma? Mun taɓa roƙonsa ya nuna mana inda ruwan ya tsaya?

Mene ne ya bambanta sansanonin nan biyu na bakin kogin Guadalupe? Wanne cikin abubuwan da Mo-Ranch ta yi ne ya fi ƙarfinmu?

Wane ne a cikinmu yake da ikon ɗaga taro saboda yanayi? In ya ɗaga, ruwa kuma bai zo ba, me za mu ce masa?